Ki Tafi, Ummi, Wayar Za Ta Tuna Min

Tiga,
Laraba da hantsi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga 'yata Ummi, tare da gaisuwa mai yawa da sa albarka. Allah ya sa ki karanta wannan takarda cikin ƙoshin lafiya da sanyin rai. Allah ya kiyaye hanyar da za ki bi ranar Asabar, ya tsare ki daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, ya sauke ki a Jos lafiya, amin.

Na san za ki yi mamaki. Muna gida ɗaya, ga shi ina jin motsinki a tsakar gida kina shanya kayanki, ni kuma na zauna a zaure ina rubuta miki wasiƙa. To, in na ɗauko magana da baki, kafin in kai tsakiya sai ta kuɓuce min, ke kuma ki yi wuf ki ƙarasa min ita yadda kike so. Yau ba na son a ƙarasa min. Kwana uku ke nan ina rubutun nan, kullum da hantsi, don lokacin ne kaina ya fi zama daidai.

Ranar Lahadi ina alwalar Azahar a bayan rumbu na ji abin da kika faɗa wa Innarki. Kin ce za ki je ki yi rajista kawai, sannan ki roƙi makaranta ta ɗaga miki karatun zuwa baɗi, in baɗin ta zo kuma a ga abin da hali ya yi. Kika ce, "Inna, in na tafi wa zai riƙa tuna wa Baba?" Ban yi gyaran murya ba, na tsaya da buta a hannu har ruwan ya ƙare. Ummi, shekara uku kina neman karatun ungozoman nan. Sau biyu sunanki bai fito ba, kin yi kuka a ɗakin Innarki kina zaton ban sani ba. Yanzu da Allah ya ba ki, sai ki ajiye shi saboda ni? Ban yarda ba, kuma ba da wasa nake ba.

Abin da likita ya faɗa ma na sani. Ranar da ya ce in fita a auna min jini, ke ki tsaya, ƙofar ba ta rufu sosai ba. Na ji ya ce wannan mantuwa ba ta gajiya ba ce, ba kuma za ta ragu ba, sai dai a yi ta lallaɓa ta. Kika fito kina murmushi kika ce, "Baba, ya ce hutu kake buƙata." Na gode da wannan murmushin. Amma ai ni ma ina gani. Zan iya lissafa miki gidajen tsohon garinmu da ruwan dam ya cinye tun ina yaro, gida-gida, daga ƙofar masallaci har bakin rijiya. Ki tambaye ni abin da na karya da shi yau, sai na leƙa kwano.

Don haka ki zauna ki karanta. Tsohon da kika koya wa danna waya zai ba ki shawara a kan manhajar tunatarwa, kada ki yi dariya. Ke kin san dannawa, ni kuwa na san mantuwa, ciki da waje. Inda za ki je ayyuka za su yi miki yawa: darasi, aikin asibiti, lokacin maganin masu jego, ranar awon wannan da ta waccan. Can in kika manta, ba tattasai ne zai bushe ba.

Na ce tattasai ne saboda Malam Haladu, maƙwabcin gonarmu. Ba na jin na taɓa ba ki labarin nan, don kunya nake ji. Lokacin da ƙungiyarmu ta manoman rani ta ɗora ni a kan rabon ruwa, ba a haife ki ba. Aikina shi ne in san gonar wa za ta sha yau, ta wa gobe, in buɗe wa wannan hanyar ruwa in toshe wa wancan. Shugabanmu ya ba ni littafi da biro ya ce in riƙa rubutawa. Na karɓa na yi godiya, na kawo gida, yayyenki suka cika shi da zanen mota. Duk wanda ya tambaye ni littafi sai in taɓa hulata in ce yana ƙarƙashin nan. Mutane suka yi ta yabo, wai Malam Idi ba ya mantuwa. Ni kuma yabon ya shige ni, har tafiyata ta canja.

Sai aka haife ki, a ƙarshen rani, zafi ya fara tsananta. Sunanki ya faɗo ranar Alhamis, ranar da ruwa yake na Malam Haladu, shi kuwa bai jima da dasa tattasai ba. Na tashi da hidimar rago da baƙi, ruwa bai ko faɗo min a rai ba. Malam Haladu ya zo suna, ya ci, ya yi addu'a, ya yi min barka, ya tafi bai ce uffan ba. Sai ranar Asabar na bi ta gonarsa na ga dashen ya kwanta, ganye ya ƙone, ƙasa ta tsattsage. Na same shi a tsugune a bakin gona. Na ce, "Haba Malam Haladu, kana zaune a zaurena ranar Alhamis, me ya hana ka tuna min?" Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Kai ne fa ba ka mantuwa, Malam Idi. Ta ina zan fara? Na zaci wani uzuri ne ya sa ka juya ruwan." Noman shekararsa ke nan ya tafi. Har yau bai taɓa tayar min da zancen ba, kuma har yau in na gan shi sai na tuna, wannan kam ciwon bai ɗauke min shi ba.

Shi ya sa nake ce miki kada ki bari a san ki da cewa ba kya mantuwa. Ranar da aka san ki da haka, an daina tuna miki. In wata a cikin abokan karatunki ta tuna miki abin da kin riga kin sani, ki ce mata na gode, kada ki ce ai na sani. Sannan duk abin da aka sa ki, ki shigar da shi waya nan take, a gaban wanda ya sa ki, ba sai kin koma ɗaki ba. Wannan shi ne abin da za ki fara dubawa a manhaja: in sai kin buɗe nan, kin shiga can, kin zaɓi launi, kin amsa tambaya uku kafin ki rubuta "awo ranar Talata", ki rabu da ita komai kyanta. Ki nemi wadda kafin a gama amsa sallama kin gama rubutawa, ko wadda za ki faɗa mata da baki ta riƙe.

Bayan shekaru, da yayanki Nasiru ya aiko min da babbar waya daga Kano, sai na koma ɗaya gefen. Kin tuna ai, ke kika sa min manhaja guda ɗaya, kika nuna min yadda ake yi. Da na kai caji wurin Sale na bakin kasuwa, na ga tasa ta fi tawa ado, na ce ya sa min. Wani direba a Kwanar Dangora ya nuna min tasa mai maganar Larabci, na ce ita ma a sa. Kafin wata ya ƙare ina da guda biyar. Komai na ga dama sai in sa masa ƙararrawa: ɗaure akuya, sauraron labarai, gaida wane, duba taki. Waya ta zama ba ta yin shiru. Innarki ta ce, "Malam, wannan aba taka ta fi zakaran gidan nan surutu." Wata La'asar ina sahun gaba, liman ya yi ruku'u, sai wata murya ta tashi daga aljihuna tana cewa lokacin ba kaji dusa ya yi. Bayan sallama ba wanda ya dube ni, amma na ga kafaɗun mutane suna rawa.

Wannan abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne, hannuna ya saba da kashe ta ba tare da idona ya duba ba. Ta yi ƙara, in danna ta cikin aljihu, in ci gaba da hirata. Haka na danne ranar da za a duba idon Innarki a Tudun Wada, ranar da muka yi wata biyu muna jira. Ta yi wanka, ta sa mayafinta mai kyau, ta zauna a kan tabarma tun hantsi. Ni ina bakin dam ina kallon masunta suna jan taru. Da na dawo bayan Azahar na same ta ta ninke mayafin. Abin da ta ce kawai, "Sannu da zuwa, Malam. Ga abinci." Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Ki riƙe manhaja ɗaya, Ummi, ɗaya tak. Duk wadda ƙawa ta nuna miki ta ce ta fi taki, ki yaba, ki bar mata abarta. Kuma ba kowane aiki ne ya cancanci ƙara ba. Wanki da guga ki rubuta su a jeri, ki duba da safe, su jira ki. Ƙararrawa ki bar wa abin da in ya wuce ba ya dawowa. Ki duba ko manhajar tana bari a ba abu mai muhimmanci sautinsa daban, yadda ko kina cikin hayaniya in kika ji shi za ki san ba na wasa ba ne.

Akwai kuma abin da masu yin waɗannan manhajoji ba su sani ba game da mu. Su a ganinsu waya kullum tana hannu, cike da caji, ga data ga sabis. Ni kuwa a lokacin tawa rabin ranarta a shagon Sale take yi. Sau nawa ƙararrawa ta yi ta bugawa a cikin kwalinsa tare da wayoyin mutane, ni ina gona ban san ana yi ba? Wata rana da na je karɓa Sale ya ce, "Baba, wayarka ta ce ka sha magani tun ƙarfe goma. Na rasa yadda zan yi, na kusa sha maka." Ranar da muka je ta'aziyya wani ƙauye bayan Doguwa kuma, na rubuta sunayen gidaje huɗu da ya kamata in shiga in yi gaisuwa. Muna shiga tsakanin duwatsun nan sabis ya ɗauke, manhaja ta ƙi buɗewa, sai wani abu yake ta juyawa a allo. Gida uku na tuna. Na huɗun gidan wanda ya yi wa mahaifina wanka ne, kuma har ya rasu ban koma ba.

Kafin ki amince da kowace manhaja, ki kashe data, ki buɗe ta ki gani. In ta buɗe, ta nuna miki ayyukanki, ta buga ƙararrawa a kan lokaci, to ta ci jarrabawa. In ta tsaya tana juyi, ki goge ta. Ki lura kuma ko mai shan caji ce. Sannan abu uku mafi nauyi na kowace rana ki rubuta su a 'yar takarda ki sa a aljihun rigar aikinki. Ba ƙauyanci ba ne, ko da 'yan birni sun ce haka.

Na Yaya Asabe ya fi duka zauna min a rai. Kin san duk goma ga watan Sha'aban muna taruwa a gidanta a Kiru, a yi saukar Alƙur'ani a yi wa iyayenmu addu'a. Tun rasuwar Baffa, ƙanen mahaifinmu, ni ne mai kiran dangi, in ban kira ba ba mai motsi, don kowa ya san Idi zai kira. Shekarar da na sami waya, muna dawowa daga taron na shigar da ranar, na ga wurin da aka ce a maimaita duk shekara, na danna, na ji daɗi na ce na huta. Ashe ita shekarar da take nufi ta kalandar boko ce. Watanmu kuwa kowace shekara matsowa yake da kwana goma ko sha ɗaya. Da shekara ta zagayo, na sakankance waya za ta faɗa min, ban ko kula da tsayuwar wata ba. Ta kuwa faɗa min, amma a lokacin mutane har sun fara shirin azumi.

Na hau acaɓa na tafi Kiru a ranar. Na sami Yaya Asabe tana tsince shinkafa. Ta amsa gaisuwata tsaf, har da tambayar akuyoyi. Sai can ta ce, "Idirisu, tukunya biyu na ɗora. Na share tsakar gida, na aro tabarmi. Har La'asar ina leƙa ƙofa." Na ce, "Yaya, don Allah me ya hana ki kira ni?" Ta ce, "In kira ka in tuna maka da uwarka?" Na fara kawo zancen waya, ta ɗaga min hannu ta ce, "Kada ka ɗora wa ƙarfe." Gaskiyarta ne. Ta yafe min, Allah ya saka mata, har ta cika min leda da daddawa na taho da ita.

Ke za ki zauna a inda komai da kalandar boko ake yi, amma ke 'yar nan ce, rabin rayuwarki da wata take tafiya. Ki nemi manhajar da ta san kwanan watan Musulunci. Ko ta sani ma, ki riƙa gyarawa da hannunki in an ga wata, don ita lissafi take yi, ba ta leƙa sama. Haka nan mu ba ma cewa ƙarfe huɗu da kwata, cewa muke bayan La'asar, La'asar kuwa tana matsawa. Ni dai abin da na ga ya fi riƙe ni shi ne ɗaura aiki a jikin salla. In na idar da Asuba in duba jerin ranar, in na idar da La'asar in duba abin da ya rage. Salla ba ta kuɓuce min ba tukuna, alhamdu lillahi.

Yanzu ga wanda ya shafe ki, wanda ban taɓa faɗa miki ba. Da mantuwar ta fara tsanani, kin haɗa jerin ayyukana da wayarki, yadda in na sha maganin hawan jini na danna alamar an gama, sai ki gani a wurinki. In ban danna ba ya yi ja, sai ki bar abin da kike yi ki zo nemana. Wata rana har daga wurin bikin ƙawarki kika dawo da lalle a hannu. Abin ya dame ni. Sai na ɓullo da dabara: da ta yi ƙara sai in yi maza in danna an gama don kada ki tashi, da niyyar in na shiga ɗaki in sha. Tsakanin zaure da ɗaki kuwa taku nawa ne, amma a nan niyyar take zubewa. Kwana huɗu ban sha ba, wayarki tana nuna miki komai lafiya. Ranar da jiri ya kwashe ni a bakin gona Malam Haladu ya kawo ni gida a babur, kin yi ta kuka kina cewa maganin ne ba ya aiki, a canja. Maganin ba shi da laifi, Ummi. Ubanki ne ya yi wa waya ƙarya, ta kuma isar miki da ita yadda ya faɗa. Ki yafe min.

Wannan ki riƙe shi fiye da duk abin da na rubuta a sama. Kada ki taɓa danna an gama kafin hannunki ya gama. Ko da sauran taku ɗaya tsakaninki da gadon mai jego, ki ba ta maganin tukuna, ki ga ta haɗiye, sannan ki danna. Wadda za ta karɓe ki aiki abin da kika rubuta za ta gaskata, ba za ta shiga zuciyarki ta ga niyya ba. In aiki ya yi ja a allo, ki bar shi da jansa, a gan shi, a yi miki faɗa. Faɗa ba ya kisa.

Da na zauna ina tuno duk waɗannan, sai na ga babban kuskurena ba a waya yake ba. Tun kina 'yar shekara goma sha biyu, lokacin ba abin da ya sami kaina, na mayar da ke abin tunawata. "Ummi, tuna min in kira wane." "Ummi, ina na ajiye makullin?" "Ummi, yaushe ne sunan gidan wane?" Ina ta yabonki a gaban baƙi, wai 'yar nan kaifin kai gare ta, ban lura kaya nake ɗora miki ba. Yayyenki suka tashi suka tafi ba wanda ya waiwayo, don ba a ɗaura musu komai ba. Ke kuwa har kin yarda cewa in kika matsa gidan nan zai tsaya. Ni na koya miki wannan, ba ciwon ba.

Na gode, Ummi. Na gode da shekarun nan duka. Na gode da ranakun da na tambaye ki abu ɗaya sau biyar kika amsa na biyar ɗin kamar na farko. Na gode da yadda in baƙo ya shigo kike riga ni gaishe shi da sunansa da ƙarfi, don in ji in kama. Kina zaton ban gane ba, na gane tun ran farko. Ban san abin da na yi wa Allah ya ba ni ke ba, sai dai in ce alherinsa ne.

To ga abin da na shirya, don kada ki ce baki ne kawai. Na zauna da Sale yini guda a shagonsa, muka goge huɗu muka bar ɗaya. Wadda muka bari tana aiki ba data, tana nuna hoto, kuma ana naɗa mata murya. Tunda Innarki ba ta karanta boko, mun ɗauki hoton kowane magani, in lokaci ya yi hoton ne yake fitowa. Maganin yana hannunta, ita take ba ni, ita take dannawa, ni an hana ni taɓa wurin. Kin san Innarki, har bakina take sa in buɗe ta gani. Nasiru ya aiko da ƙaramar sola, waya ta daina yini a kasuwa. Malam Haladu kuma, mutumin da na ƙona wa tattasai, shi da kansa ya ce kullum zai biyo min mu tafi gona tare mu dawo tare. Na ce masa wahalar za ta yi yawa, ya ce, "Ai hanyata ce." Ba hanyarsa ba ce, kin san inda gidansa yake. Dubi irin mutanen da Allah ya kewaye ni da su, sannan ki ce ba mai tuna min.

Sati uku ke nan muna gwadawa ba ki sani ba. Ki tuna da kyau, yaushe rabon da ki ji na ce "Ummi, tuna min"? Ba zan ɓoye miki ba, sau biyu abin ya kuɓuce: sau ɗaya na bar wayar a masallaci, sau ɗaya na yi gardama na ce na riga na sha. Duka biyun Innarki ta kama, ba ke ba. Na kuma sa Sale ya cire jerina daga wayarki, in kin duba za ki ga babu shi. Kada ki je ki ce ya mayar, na riga na gargaɗe shi. Ba na son kina cikin aji malama tana bayani, ke idonki yana ƙarƙashin tebur kina duba ko tsoho ya sha ƙwaya. Wayarki ta ɗauki ayyukanki. Ni wuri ɗaya nake roƙo a ciki: Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ki kira mu gaisa.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi ba ni wuya. Na san akwai ranar da za ta zo, ko kusa ko nesa, da zan tashi in ga ɗakinki a rufe in rasa dalili. Ina tsoron in tayar wa Innarki da hankali, ko in fita titi ina tambayar direbobi ko sun ga 'yata. Abin da na fi tsoro kuma shi ne ki kira ranar Juma'a in ce miki kin gudu kin bar ni, ke kuma ki ɗauka da gaske nake, ki haɗa kayanki ki dawo. In kin ji haka daga bakina, ba ni ba ne. Ni ne wannan da yake rubutu yau da hankalinsa, shi za ki saurara.

Don haka jiya da hantsi na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na naɗi muryata, na sa ta riƙa tashi kullum bayan sallar Asuba, ba ranar ƙarewa. Da muryata na yi, don na san halina, in wani ne ya faɗa min sai na yi gardama. Sau shida ina sakewa kafin murya ta tsaya. Ga abin da take cewa:

"Idi, Ummi tana Jos tana karatun ungozoma. Lafiyarta ƙalau. Ba guduwa ta yi ba, kai ka ce ta tafi, kuma da farin ciki ka faɗa. Kada ka fita nemanta. Ka yi mata addu'a."

Yau da safe ta tashi a karon farko. Innarki tana ɗora koko ta ji, ta juya baya tana gyara itacen da ba abin da ya same shi. Ni kuwa na ɗaga hannu na yi abin da aka ce in yi, duk da kina ɗaki kina barci.

Ki tafi, Ummi. Ranar Asabar ni zan raka ki Kwanar Dangora, ni zan sa jakarki a mota da hannuna.

Allah ya yi miki albarka, ya buɗa miki abin da za ki karanta, ya sa hannunki ya zama sanadin sauka lafiya ga matan da ba ki ma san su ba tukuna. Allah ya haɗa ki da abokan zama na gari, ya kare ki a dajin Falgore da bayansa, a tafiya da zama da dawowa. Na yafe miki duniya da lahira, ko da yake na duba ban ga abin yafewa ba. Innarki tana sa miki albarka.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki mai godiya,
Malam Idi mai rabon ruwa.